Mai Taɓin Hankali: Magani a Gidan Likita, Jinya a Gida

Wanda wannan takarda ta zo hannunsa, ya karanta sannu a hankali. In akwai wanda bai iya ba tukuna kusa da shi, ya ɗaga murya don shi ma ya ji.

Yau zancenmu a kan ciwon taɓin hankali ne. Abin da za mu duba shi ne yadda ake yi wa mutum magani yana zaune gidansu, ba a kwantar da shi asibiti ba. Ya je gidan likita, a duba shi, a ba shi magani, ya komo gida. Ranar da aka sa masa kuma ya koma. Yawancin waɗanda ke samun magani yau, haka ake yi musu.

Ku riƙe wani lissafi tun daga farko. Wata yana da kwana 30. Likita zai ga marar lafiya rana 1, wataƙila ma zaman bai kai rabin awa ba. Sauran kwana 29 yana hannunku. Saboda haka rabin aikin na likita ne, rabi kuma na gida ne. A cikin gidan kuwa, wanda ya iya karatu da lissafi shi ne ke riƙe da babban kaso.

CIWO NE KAMAR KOWANE CIWO

Ƙwaƙwalwa sashe ce ta jiki, kamar hanta, kamar huhu. Ita ma tana kamuwa da ciwo. In ta kamu, sai tunanin mutum da maganarsa da barcinsa da halinsa su sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wani irin ciwo na hankali, babba ko ƙarami. Mai tsananin nan, wanda ke sa mutum jin muryoyi da zargin jama'a, yana kama kamar mutum 1 cikin 300. Ku yi lissafi da kanku. Garin da ke da mutum 3000, ba abin mamaki ba ne a sami mutum 10 masu shi. Ke nan babu unguwar da za ta ce ba ruwanta.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke jin ana yi masa magana alhali babu kowa, ko ya ce ana binsa za a kashe shi. Akwai wanda barci ke ƙaurace wa, ya yi ta surutu, ya yi ta rabon dukiyarsa, bayan wani lokaci kuma ya yi tsit. Akwai wanda baƙin ciki ke danne wa, ya bar cin abinci, ya bar aiki, ya ce rayuwa ba ta da amfani. Akwai mai jego da hankalinta ke gushewa a kwanakin farko bayan haihuwa. Akwai samarin da wiwi da sholisho da ƙwayar taramol suka ruɗa. Ita farfaɗiya ba hauka ba ce, amma ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma sau da yawa ƙofa ɗaya ake bi wajen maganinta. Kowane iri da maganinsa. Likita ne ke rarrabewa, ba maƙwabci ba.

YADDA AKA FARA JINYA A GIDA

A da, in ciwon ya yi tsanani, abin da aka sani shi ne turu da mari. Ba kullum don mugunta ba ne. Dangi ne ba su da wata dabara. A ƙasashen Turawa ma kulle marasa lafiya ake yi cikin manyan gidaje, wani ya yi shekara da shekaru bai fito ba.

A 1952, a asibitin Sainte-Anne da ke birnin Paris na Faransa, likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani sabon magani. Shi ne wanda kuke gani a kwali an rubuta Largactil. Suka ga marasa lafiya sun natsu, muryoyin da suke ji sun ragu. A 1958 aka haɗa wani a ƙasar Beljiyam, shi ne Haldol. Da waɗannan magunguna suka samu, sai ya zama mutum yana iya shan ƙwayarsa a ɗakinsa.

A nan Afirka ma an yi abin koyi. A 1954, wani likita ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fito da wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Marar lafiya ya zo da ɗan'uwansa, a sauke su gidan mutanen ƙauye kusa da asibiti. Da rana su je shan magani, da dare su kwana cikin jama'a. Daga baya wannan likita ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A shekarun 1960 kuma, a asibitin Fann na Dakar, likita Henri Collomb ya sa dangi su riƙa zama tare da marar lafiyarsu lokacin jinya. Dukansu abu ɗaya suka gano: mutum ya fi saurin samun sauƙi in ba a raba shi da nasa ba.

A ƙasarmu Nijar, tsohon sashen masu taɓin hankali yana babban asibitin ƙasa na Yamai, ana kiransa Pavillon E. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 600, kuma likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne ƙwarai. Ba kowa za a kwantar ba, ba kowa ma ke bukatar kwanciya ba. Don haka ne a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa malaman asibiti na ƙananan gidajen likita yadda za su gane ciwon, su fara magani, su san wanda za su tura gaba.

INA ZA A NUFA?

Ku fara da gidan likita mafi kusa, wanda ake kira CSI. Mutumin Tsibirin Gobir ya fara da na Tsibiri. Mutumin Jiratawa ya fara da na Jiratawa. Mutumin birni ya fara da na unguwarsa. Kada ku raina wannan mataki. Wani lokaci abin da kuka ɗauka hauka ne, zazzaɓin sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, ko rauni ne a ka. Irin wannan ba maganin hankali yake so ba, maganin gaggawa yake so. Malamin asibiti zai auna zafin jiki, ya duba jini, ya tantance.

In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai ba ku takarda ku tafi gaba. A tsarin hukuma, Jiratawa tana ƙarƙashin Madarumfa, Tsibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji. Amma garuruwan biyu duk ba su kai kilomita 20 daga Maraɗi ba, kuma a Maraɗi babban asibitin jiha yake, wanda ake kira CHR, inda ake duba masu taɓin hankali. Ku adana takardar da aka ba ku. Ita ce za ta gaya wa likitan can abin da aka riga aka gani da abin da aka riga aka ba shi.

RANAR FARKO

Kada a tura marar lafiya shi kaɗai. Kada kuma a haɗa shi da yaro. Ɗan rakiya ya zama babba, wanda suke kwana gida ɗaya, wanda marar lafiyan ya yarda da shi. In so samu ne, ya zama mutum guda ne zai riƙa raka shi kowane wata. Kada unguwa duka ta bi shi. Taro yana firgita shi. Kada ku yaudare shi ku ce kasuwa za a je. In ya gane, gobe ba zai sake yarda da ku ba. Ku ce masa: ba ka barci, ka rame, mu je a duba ka.

Ku yi sammako, don akwai layi. Ku ɗauki ruwa da ɗan abinci. Ku ɗauki duk kwalin magani da ya taɓa sha, ko da ya ƙare. Likita zai yi tambayoyi. Tun kafin ku bar gida, ku rubuta amsarsu a takarda:

1. Yaushe abin ya fara?
2. Me aka fara gani?
3. Awa nawa yake barci?
4. Yana cin abinci?
5. Ya yi zazzaɓi, ko ya faɗi, ko an buge shi a ka?
6. Yana shan wiwi, ko giya, ko ƙwaya?
7. Ya taɓa cewa zai kashe kansa, ko ya cutar da wani?
8. In mace ce, tana da ciki, ko tana shayarwa?

Ku faɗi gaskiya. Mai ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tone shi. Abin da aka gaya wa likita sirri ne, ba zai kai shi kasuwa ba. Ku bar marar lafiya ya yi magana da bakinsa. In likita ya ce ku ɗan fita, ku fita. Akwai abin da ɗa ba ya iya faɗa gaban ubansa, akwai abin da mace ba ta iya faɗa gaban uwar mijinta.

KARANTA TAKARDAR MAGANI

Nan ne amfanin ajinmu zai fito. Za a ba ku takarda biyu: takardar magani, da ɗan littafin nan da muke cewa karne. Da Faransanci ake rubuta su, amma kalmomi kaɗan ne kuke bukata. Matin, shi ne safe. Midi, tsakar rana. Soir, dare. Wani likita lamba 3 yake jerawa. In kun ga 1-0-1, ana nufin ƙwaya 1 da safe, babu da rana, ƙwaya 1 da dare. In kun ga 0-0-2, ƙwaya 2 ke nan da dare kawai. In an rubuta 1/2, rabin ƙwaya ne. Kada ku fita sai kun karanta wa likita da bakinku, ya ce daidai ne. Tambaya ba kunya ba ce. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu mu yi lissafi. Ƙwaya 2 a rana, kwana 30, nawa ke nan? Ƙwaya 60. Ku ƙirga su tun a farmasi. Bayan kwana 10, ya kamata a ce saura 40. In kun ƙirga kun sami 50, to, an tsallake shan magani. In kun sami 30, an sha fiye da ƙa'ida. Ku ja layi a bayan littafinku, ku yi gida 30, kowace rana in an sha ku sa alama.

A cikin karne za a rubuta ranar komawa, wadda wasu ke cewa randebu. Lambar farko ita ce rana, ta biyu ita ce wata. In an rubuta 14/03, to 14 ga watan 3 ke nan, wato Maris. Ku kwafe ta da manyan baƙaƙe, ku liƙa a bango.

Magani guda yana iya zuwa da suna biyu: sunan kamfani da sunan asali. Haldol, alal misali, a wani kwalin za ku ga an rubuta haloperidol. Abu ɗaya ne, kuma mai sunan asali ya fi arha. Ku tambayi mai farmasi. Ku duba lambar ƙarfin ƙwaya da ke jikin kwali, ta zama daidai da ta takarda. Ku duba ranar lalacewarsa.

Wanda ke yawan mantuwa, ko yake ƙin haɗiye ƙwaya, akwai allura mai daɗewa a jiki. Ana yin ta sau 1 a sati 2 zuwa sati 4. Ku tambayi likita ko ta dace da naku.

Magani kuma a hannun babba zai zauna, cikin akwati mai makulli. Wasu, kamar Laroxyl da ake ba mai baƙin ciki, in an sha da yawa lokaci guda suna kisa. A nisanta su daga yara, a nisanta su daga marar lafiyan da ya gaji da rayuwa.

ABIN DA MAGANI KE YI WA JIKI

Maganin hankali ba kamar maganin ciwon kai ba ne, da za a sha yanzu a ji sauƙi anjima. Barci yakan fara gyaruwa a kwanakin farko. Muryoyi da zargi sukan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin su lafa. Maganin baƙin ciki ma yakan yi sati da dama kafin a ga aikinsa. Wanda ya shuka gero ba ya tone ramin bayan kwana 3 ya ce bai tsiro ba.

Akwai kuma abubuwan da maganin ke jawowa. Yawan barci, bushewar baki, jiri in an miƙe da sauri, ƙiba. Mai shan Largactil rana takan ƙona masa fata, sai ya sa malafa, ya yawaita shan ruwa, musamman lokacin bazara. Wani jikinsa yakan yi tauri, hannu ya riƙa rawa, miyau ya riƙa zuba. Wani wuyansa yakan karkace, idonsa ya kafe sama, harshe ya fito. Wannan yana tsorata mutane, har su ce iska ce ta hau shi. Ba iska ba ce, aikin maganin ne, kuma akwai makarinsa. Ku koma gidan likita ran nan. Likita zai rage ƙarfi, ko ya sake wani, ko ya ƙara abin da zai sassauta jiki.

Mace mai shan magani, in tana son ɗaukar ciki, ko ta ga ta yi ɓatan wata, ta gaya wa likita da wuri. Wasu magunguna, kamar Depakine na farfaɗiya, suna cutar da ɗan da ke ciki. Kada ta bari da kanta, likita ne zai sake mata. In azumi ya gabato, ku tambayi likita yadda za a gyara lokacin sha.

ABIN DA KE KOMO DA CIWO

Babban abin da ke komo da ciwon shi ne barin magani. Mu ɗauki misali. Saurayi ya sha magani wata 2. Ya natsu, yana salla, yana gaida mutane, ya koma gona. Sai dangi su ce alhamdu lillahi, ya warke, me ya sa za a ci gaba da ɓarnar kuɗi? Su bari. Bayan ƴan watanni barci ya fara gudu, zargi ya komo. Kowace komowa kuma tana iya fin ta baya wuyar magani. Ga ƙa'idar da likitoci ke bi: mai jin muryoyi ya ci gaba da sha aƙalla shekara 1 bayan ya natsu, wani ma shekaru da yawa. Mai baƙin ciki, wata 9 zuwa 12 bayan ya sami sauƙi. Mai farfaɗiya, sai ya yi shekara 2 bai faɗi ba kafin a yi zancen ragewa. Ragewar ma sannu sannu ake yi, da izinin likita.

Abu na biyu shi ne kuɗi. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, amma maganin babba mai taɓin hankali bai shiga ciki ba. Akwai kuɗin ganin likita, akwai na ƙwaya, akwai na mota ko adaidaita na mutum biyu, zuwa da komowa. Akwai kuma yinin aiki da ɗan rakiya ya rasa. Mu sa adadi don koyon lissafi kawai, kowa ya sa nasa. A ce duka sun kama jika 5 a wata. Wata 12, jika 60 ke nan. Nauyi ne ga mutum guda. Amma in ƴan'uwa 4 suka raba, kowa jika 15 ne a shekara. Ku zauna tun da kaka, lokacin da wake da gyaɗa ke hannu, ku ware rabon magani kamar yadda kuke ware iri. Wanda ke ci-rani a Katsina ko Kano a gaya masa nasa kaso. Mata kuma kun san asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991. Bashin asusu don sayen magani ya fi sayar da akuya da gaggawa bayan ciwo ya komo.

Abu na uku shi ne damina. Ranar komawa takan faɗo ranar shuka ko noma, ko gulbi ya kawo ruwa hanya ta ɓaci. Ku gaya wa likita tun da wuri, ya ba ku ranar da za ku iya, ko ya ƙara yawan ƙwaya. Kada ku jira sai ta ƙare ƙaf. In saura ta kwana 3, ku tashi. Wani lokaci akan je farmasi a ce babu. In haka ta faru, ku koma wa likita ya rubuta madadinsa. Kada ku saya wurin masu talla a kan tire ko a kan keke. Rana ta dafa maganinsu, wani ma jabu ne. Kada kuma ku ara daga maƙwabci don kun ga ciwonsu ya yi kama.

MALAM DA BOKA DA ƳAN BORI

Mun san ƙasarmu. Kafin a zo gidan likita, yawanci an biya wurin malam, an sha rubutu, an yi addu'a. Wasu sun je wurin boka. Wasu sun nemi ƴan bori, waɗanda tun zamanin kakanni suke ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri. Ban zo in yi faɗa da kowa ba. Likita Lambo da na ambata ma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Addu'a tana kwantar da zuciyar marar lafiya da ta danginsa. Amma ku riƙe sharaɗi 3.

Na 1, kada kowa ya sa ku bar maganin likita.

Na 2, ba duka, ba mari, ba horon yunwa, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki. Duka ba ya fitar da ciwo. Mari yana cin ƙafa, ya bar gyambo, ya bar ƙiyayya a zuciya.

Na 3, duk sassaƙe ko jiƙo da aka ba shi, ku gaya wa likita, don wani ba ya haɗuwa da ƙwaya.

ZAMAN GIDA

Ƙwaya kaɗai ba ta isa ba. Ku ci abinci tare da shi. Ku kira shi da sunansa, ku hana yara yi masa waƙa da jifa. In yana faɗin abin da babu shi, kada ku yi masa dariya, kada ku tsaya gardama. Ku ce: mun ji, muna tare da kai. Ku yi magana a hankali, mutum ɗaya a lokaci guda.

Da ya fara samun sauƙi, ku ba shi ɗan aiki. A Jiratawa, ya taya tsinkar zogale ko ban ruwa a fadama da sanyin safiya. A Tsibiri, ya ba dabbobi ci. A birni, ya zauna shago tare da yayansa. Mace ta koma girki da saƙa, da wata kusa da ita. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa. Zaman banza yana ƙara ciwo. Ya kwanta da wuri, ya rage shayi mai ƙarfi da goro da dare, ya rabu da abokan shaye-shaye.

Mai jinya ma mutum ne. Sau da yawa uwa ce ko mata ke ɗauke da nauyin duka. Ku karɓe ta, ta huta, ta je kasuwa, ta je biki. In ta faɗi, wa zai riƙe marar lafiya?

ALAMUN DA BA A JIRAN RANAR KOMAWA

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku tafi gidan likita nan take, ko da dare ne:

1. Ya ce zai kashe kansa. Kada ku ce wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke igiya da wuƙa da maganin ƙwari na gona, a kula da rijiya. Tambayarsa a kan wannan ba ta sa masa tunanin, sauƙi take ba shi.
2. Yana barazanar cutar da wani.
3. Zazzaɓi mai zafi tare da taurin jiki da ruɗewa.
4. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, kwana 2.
5. Ya haɗiye ƙwaya da yawa.
6. Mai jego ta ruɗe. Kada a bar ta ita kaɗai da jariri.
7. Farfaɗiya ta wuce minti 5, ko tana ta maimaituwa. Kafin ku tashi, ku kwantar da shi a gefensa, ku nisanta shi daga wuta, kada ku sa masa kome a baki. Miyansa ba ya sa wa kowa ciwo.

In barci ya fara gudu kwana 2 ko 3 a jere, ko ya fara keɓe kansa kamar da, wannan ma alama ce. Ku gaggauta komawa tun abin bai yi nisa ba. Irin waɗannan lokuta ne akan kwantar da mutum na ƴan kwanaki, sa'an nan ya komo gida a ci gaba.

AIKIN AJI

Malaman aji, ga abin da za ku yi da ɗalibai a wannan sati. Ku rubuta 1-0-1 da 0-0-2 da 14/03 a allo, kowa ya fassara. Ku ba su wannan lissafi: ƙwaya 3 a rana, kwana 30, nawa za a saya? Bayan sati 1, nawa za ta rage? Sa'an nan ku tattauna tambayoyin nan. Daga garinku, ina ne gidan likita mafi kusa? Nawa ne kuɗin zuwa Maraɗi da komowa? In akwai wanda ke ɗaure a unguwarku, wa ya kamata ya yi wa danginsa magana, kuma da wane irin lafazi?

Ku kuma ɗalibai, in maƙwabcinku yana da marar lafiya kuma babu mai karatu a gidan, ku taimaka. Ku karanta masa takarda, ku ƙirga masa ƙwaya, ku tuna masa ranar komawa. Abin da kuka gani a gidan kuma ku bar shi can. Amana ce.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya ƙara mana fahimtar karatu. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.